Manhajojin fashin burauza: yadda suke shiga kwamfuta da yadda ake fitar da su

Mutum ya kunna kwamfutarsa da safe, ya buɗe Chrome domin ya duba saƙonni, sai ya tarar da wani shafin da bai taɓa gani ba a wurin da Google ya saba fitowa. Ya rubuta abin da yake nema, sakamakon ya zo masa cike da tallar caca, tallar magunguna da hotunan da ba a so yara su gani. Ya shiga ya gyara, washegari abin ya dawo. Masu gyaran kwamfuta da masu siber a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa sun san wannan matsala sarai, kuma galibi amsar da suke bai wa mai na'ura ita ce a goge komai a sake zuba Windows. Sau da yawa abin bai kai nan ba. Wanda ya gane yadda manhajar ta shiga da inda take ɓuya zai iya fitar da ita da kansa, ba tare da ya rasa takardunsa ba.

Mene ne fashin burauza?

Burauza ita ce manhajar da ake buɗewa domin shiga intanet, irin su Chrome, Firefox, Edge ko Opera, wadda masu Faransanci ke kira navigateur. Kowace burauza tana da wasu saituna da mai ita ke zaɓa: shafin da zai fara buɗewa, injin binciken da za a yi amfani da shi, da abin da zai fito idan an buɗe sabon shafi. Manhajar fashi ita ce wadda ke canza waɗannan saituna ba da yardar mai kwamfuta ba, sannan ta hana shi mayar da su yadda suke.

Ta bambanta da ƙwayar cutar da ke lalata fayiloli, ta kuma bambanta da wadda ke kulle takardu ta nemi kuɗin fansa. Ita ba ta son kwamfutar ta mutu. Bukatarta mutum ya ci gaba da shiga intanet, amma ta hanyar da ita ta shata masa. Shi ya sa wasu manhajojin kariya ba sa kiran ta ƙwayar cuta kai tsaye. Suna saka ta cikin rukunin manhajojin da wataƙila ba a so, kuma idan ba a kunna musu wannan bangare ba, sukan bar ta ta wuce.

Ina ribar masu yin ta?

Amsar tana cikin kasuwar talla. Manyan injinan bincike suna biyan abokan hulɗa wani kaso na kuɗin talla idan suka turo musu masu bincike. Mai manhajar fashi yakan buɗe shafin bincike na bogi, ya tilasta wa burauza ta bi ta kansa, daga nan ya miƙa tambayar ga Yahoo ko Bing da lambar shaidarsa a jiki. Duk tallar da aka latsa, yana da rabonsa. Kuɗin da ake samu a kan mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma idan kwamfutocin sun kai dubbai ko miliyoyi, ciniki ne babba.

Akwai kuma kasuwa ta biyu. Wanda ya rubuta wata manhaja ta kyauta, misali ta sauke bidiyo ko ta juya takarda zuwa PDF, ana iya biyan sa a kan kowace kwamfutar da ya shigar da manhajar fashi tare da tasa. Kasuwa ta uku ita ce ta bayanai: shafukan da mutum ke ziyarta, abin da yake bincike, garin da yake, duka ana tattarawa a sayar.

Ba yau aka fara ba

Tun a 2003 wata manhaja mai suna CoolWebSearch ta addabi masu amfani da Internet Explorer, tana canza kama duk lokacin da aka samo maganinta. Waɗanda suka yi zamanin siber a farkon shekarun 2010 za su tuna burauzar da rabin fuskarta ya cika da layukan Ask, Babylon da Conduit. Ask ta yi shekaru tana zuwa tare da manhajar Java ta kamfanin Oracle, an riga an sa mata alamar amincewa, sai wanda ya lura ne ke cire ta.

Wasu sun wuce nan. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta sanar da kama wasu mutane a ƙasar Estoniya da ke bayan DNSChanger, manhajar da ta shiga kwamfutoci kusan miliyan 4 a ƙasashe sama da 100. Ita ba shafin farko ta canza ba. Ta canza adireshin na'urar da kwamfuta ke tambaya hanya, ta yadda mutum zai rubuta sunan shafin gaskiya amma a kai shi wani wuri. An ƙiyasta sun tara dalar Amurka miliyan 14 ta wannan hanya.

A farkon 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin cinya da manhajar talla mai suna Superfish a cikinsu tun daga masana'anta. Domin ta iya cusa talla har cikin shafukan da ke da kariya, manhajar ta buɗe wata kafa da kowane ɗan kutse zai iya bi ya karanta abin da mutum ke aikawa. A 2017 kamfanin ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 3 da rabi ga wasu jihohin Amurka a kan wannan batu. A shekarar dai, kamfanin tsaron intanet na Check Point ya ba da rahoton Fireball, wadda ya danganta da wani kamfanin talla na birnin Beijin, ya ce ta shiga kwamfutoci miliyan 250, ko da yake Microsoft ya ce adadin bai kai haka ba.

A Disamba 2020 Microsoft ya yi bayani a kan Adrozek, wadda a lokacin da ta fi ƙarfi, cikin watan Agusta na shekarar, ake ganin ta a na'urori sama da 30,000 a kowace rana. Tana kama Chrome, Edge, Firefox da Yandex, tana cusa talla cikin sakamakon bincike, kuma a Firefox har kalmomin sirri take sacewa. Daga 2022 kuma ChromeLoader ta bayyana, tana ɓuya cikin fayilolin da ake cewa fina-finai ne ko wasannin da aka fasa domin a samu kyauta.

Ta wace ƙofa take shiga?

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A mafi yawan lokuta mai kwamfutar ne da hannunsa ke buɗe ƙofar, bai sani ba.

Ƙofa ta farko ita ce gaggawa wajen saka manhaja. Mutum ya sauke wata manhaja ta kyauta, ya yi ta latsa «Suivant» har ƙarshe bai karanta komai ba. A ɗaya daga cikin shafukan akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alama, yana cewa an amince a canza injin bincike ko a ƙara wata manhaja. Da wannan alamar masu ita ke kare kansu, su ce ai da izini suka shiga.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajojin da aka fasa. Lasisin Windows, Office ko Photoshop yana da tsada a kan aljihun ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa, don haka akan nemi kwafin da aka fasa ko wata ƴar manhaja da ke kunna lasisi, irin su KMSPico. Shafukan da ke raba waɗannan abubuwa cike suke da kwafin bogi. Abin da ya ƙara muni shi ne umurnin da ke zuwa da su: a kashe manhajar kariya kafin a saka. Wanda ya bi wannan umurni ya kori mai gadi ne da kansa. Haka kuma fayil ɗin yakan bi kile USB daga siber zuwa ofis, daga ofis zuwa gida, kowa na ganin alheri aka yi masa.

Ƙofa ta uku ita ce maɓallan bogi. A shafukan sauke fina-finai, waƙoƙi ko kallon ƙwallo kai tsaye, akan ga maɓallin «Télécharger» har uku ko huɗu, manya masu launi. Galibinsu talla ne. Wasu shafukan kuma sukan ce sai an sabunta burauza ko an saka wata manhajar kallon bidiyo kafin hoto ya fito. Har yau akwai masu cewa a sabunta Flash Player, alhali kamfanin Adobe ya daina wannan manhaja tun ƙarshen 2020.

Ƙofa ta huɗu ita ce ƙare-ƙaren burauza, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome ko Firefox, waɗanda ke ƙarƙashin sunan «Extensions». Da yawa suna da amfani. Amma ƙarin da aka ba izinin karantawa da canza bayanai a dukkan shafuka yana ganin duk abin da mai shi ke yi. Ko mai kyau ma yana iya juyawa. The Great Suspender, da mutane sama da miliyan 2 ke amfani da shi, an sayar da shi ga wani da ba a sani ba a 2020, aka cusa masa mugun abu, sai da Google ya cire shi a Fabrairu 2021.

Akwai kuma wata dabara da ba ta bukatar a saka komai. Shafi ya ce a latsa «Autoriser» domin a tabbatar mutum ne ba na'ura ba. Abin da aka amince da shi a zahiri shi ne shafin ya riƙa aiko sanarwa. Daga nan sai saƙonni su riƙa fitowa a gefen allo, suna cewa kwamfuta ta kamu da cuta, wasu har da tambarin sanannun kamfanonin kariya.

Alamomin da ake gane ta

Shafin farko ko injin bincike ya canza ba tare da an taɓa shi ba, kuma ko an gyara yana dawowa. Idan an yi bincike, adireshin da ke sama yana tsalle ta shafuka biyu ko uku kafin ya tsaya. Talla na fitowa a shafukan da ba su saba ɗauke da talla ba, kamar Wikipedia. Sababbin shafuka na buɗe kansu. Akwai wani ƙari a burauza da ba a san lokacin da ya shiga ba, wani lokaci ma babu maɓallin cire shi. Kwamfuta ta yi nauyi, fankarta na ta ƙara, megas na ƙarewa da wuri. Alama mafi ƙarfi a kwamfutar gida ita ce rubutun «Géré par votre organisation» a ƙasan jerin saitunan Chrome. A kwamfutar ma'aikata wannan ba abin mamaki ba ne, domin masu kula da na'urori ne ke sa shi. A kwamfutar da ba ta ƙarƙashin kowa, yana iya nufin wata manhaja ta ba kanta ikon shugaban ofis, ko da yake wasu manhajojin kariya na gaskiya ma suna sa shi ya fito.

Abin da ke cikin haɗari

Mutane da yawa suna haƙuri da matsalar, suna ganin talla ce kawai. Amma burauza ta zama ma'ajiyar sirrin mutum. A cikinta ake ajiye kalmomin sirri na Gmail da Facebook, a cikinta WhatsApp na kwamfuta ke buɗe, ta nan ake shiga asusun banki, ta nan ɗalibi ke cike takardun neman gurbin karatu ko tallafin karatu, da hoton fasfo da na takardar haihuwa. Manhajar da ke iya canza sakamakon bincike tana iya kai mutum shafin bogi mai kama da na bankinsa. Wadda ke karanta shafuka tana iya ɗauke ɗan bayanin da ke shaida cewa mutum ya riga ya shiga asusunsa, ta shiga a madadinsa ko ba ta san kalmar sirri ba. Ɗan kasuwar da shafinsa na Facebook ya suɓuce masa ya rasa abokan cinikin da ya yi shekaru yana tarawa, kuma ana iya amfani da sunansa a roƙi ƴan uwansa kuɗi.

Akwai kuma asarar da ake ji nan take. Kowace talla da kowane bidiyon da ke buɗe kansa daga cikin megas ɗin da aka saya yake ci. Ga wanda ke haɗa kwamfuta da wayarsa da forfe na jaka ɗaya ko biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake fitar da ita

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara shafin farko kawai a tsaya. Wannan kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin manhajar da ke canza saitin tana nan zaune cikin Windows. Ana farawa ne daga tushe, a ƙare a burauza. Sunayen da ke ƙasa na Windows da Chrome ne na Faransanci, waɗanda aka fi samu a ƙasar nan.

Mataki na 1: a kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa kile ko wani faifai na waje. Takardu kawai, ban da fayilolin saka manhaja.

Mataki na 2: a cire manhajar daga Windows. A shiga «Panneau de configuration», sannan «Programmes et fonctionnalités», a jera manhajoji bisa ranar da aka saka su. A duba waɗanda suka shiga a ranar da matsalar ta fara. Duk wadda ba a sani ba, musamman masu da'awar hanzarta kwamfuta, neman rangwame ko taimakon bincike, a bincika sunanta a waya kafin a cire, domin kada a taɓa abin da kwamfuta ke bukata. Lokacin cirewa ma a karanta kowane shafi, domin wasu sukan yi tambayar da aka juya, ta yadda amsar da aka saba bayarwa za ta bar su a ciki.

Mataki na 3: a yi bincike da manhajar kariya. A Windows 10 da 11 akwai Microsoft Defender a ciki, kyauta. A buɗe «Sécurité Windows», a shiga «Protection contre les virus et menaces», a zaɓi cikakken bincike. Bayan haka a yi amfani da AdwCleaner, wata ƴar manhaja ta kyauta da aka yi musamman domin irin wannan aiki. Wasu matasa Faransawa ne suka ƙirƙiro ta, kamfanin Malwarebytes ya saye ta a 2016. Ba ta da nauyi, ba a ma saka ta, buɗe ta kawai ake yi. Sai dai a sauke ta daga shafin Malwarebytes kaɗai, a rubuta adireshin da hannu, domin injin binciken da aka ƙwace yana iya kai mutum ga kwafin bogi.

Mataki na 4: a share ƙare-ƙare. A Chrome a rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a Edge edge://extensions, a Firefox about:addons. Duk abin da mai kwamfuta bai saka da kansa ba, ko ya daina amfani da shi, a latsa «Supprimer».

Mataki na 5: a mayar da burauza yadda ta zo. A Chrome ana shiga «Paramètres», sannan «Réinitialiser les paramètres». Wannan yana gyara shafin farko da injin bincike, yana kashe ƙare-ƙare, amma ba ya goge shafukan da aka adana ko kalmomin sirri. A Firefox ana rubuta about:support a latsa «Réparer Firefox».

Mataki na 6: a duba sanarwa. Cikin «Confidentialité et sécurité», a shiga «Paramètres des sites», sannan «Notifications», a cire duk shafin da ba a sani ba daga jerin waɗanda aka ba izini. Ga mutane da yawa wannan kaɗai ke kawo ƙarshen saƙonnin tsoratarwa. Haka ake yi a Chrome na wayar Android.

Mataki na 7: a duba alamar burauza da ke kan allo. A latsa ta da maɓallin dama, a zaɓi «Propriétés», a karanta layin «Cible». Ya kamata ya ƙare da chrome.exe ko firefox.exe. Idan akwai adireshin wani shafi a bayansa, a goge adireshin, ko a jefar da alamar a yi sabuwa.

Idan ta ƙi fita

Wasu suna da taurin kai. Idan bayan an sake kunna kwamfuta matsalar ta dawo, akwai wurare huɗu da ake dubawa. Na farko «Planificateur de tâches», inda manhajar kan bar umurnin da ke sake saka ta kowane ƴan mintoci ko duk lokacin da aka kunna na'ura. Na biyu shafin chrome://policy, wanda ke nuna dokokin da aka ɗora wa burauza. Idan akwai wadda ke tilasta wani ƙari ko wani injin bincike, sai an goge ta daga rajistar Windows, aikin da ya fi kyau a bar wa wanda ya iya, domin kuskure a nan yana iya hana kwamfuta tashi. Na uku saitin «Proxy» cikin «Réseau et Internet»: a kwamfutar gida bai kamata a ga wani adireshi da aka sa da hannu ba. Na huɗu na'urar wifi kanta. Idan duk wayoyi da kwamfutocin gida suna fama da matsala iri ɗaya, ana iya zargin an canza saitin akwatin, musamman idan har yanzu kalmar sirrinsa ita ce wadda ya zo da ita daga kanti. A mayar da shi yadda ya zo, a sa masa sabuwar kalma.

Wani abin da ake mantawa shi ne asusun Google. Idan an haɗa Chrome da asusu, ƙare-ƙare da saituna suna bin mutum zuwa kowace kwamfutar da ya shiga. Wanda ya share ta gida ya bar ta ofis zai iya ganin abin ya dawo. Sai an share su duka.

Microsoft Defender yana kuma da bincike na musamman mai suna «Analyse hors ligne», wanda ke sake kunna kwamfuta ya yi aikinsa kafin Windows ta gama tashi, lokacin da muguwar manhajar ba ta samu damar ɓuya ba. Idan duk wannan bai yi ba, to a nan ne sake zuba Windows ke da ma'ana. Mai kai na'urarsa wurin gyara ya tambayi mai gyaran daga ina ya samo manhajojin da zai zuba masa, domin idan daga kilen da ya kawo cutar ne, tsugune ba ta ƙare ba.

Bayan an gama

Share kwamfuta ba ya dawo da abin da aka riga aka sace. Don haka a canza kalmomin sirri, a fara da na imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran asusu. Sannan na Facebook, banki da duk wani shafi mai muhimmanci. A yi wannan bayan an tabbatar kwamfutar ta tsarkaka, ko daga wata na'ura ta daban. A Gmail da Facebook akwai wurin da ke nuna na'urorin da ke cikin asusu a halin yanzu, a fitar da duk wadda ba a sani ba. A WhatsApp a duba «Appareils connectés». A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke neman lamba daga waya bayan kalmar sirri.

Rigakafi

Wajen saka kowace manhaja, a zaɓi «Installation personnalisée» maimakon ta gaggawa, a cire alama daga duk tayin da ba a nema ba. A sauke manhaja daga shafin kamfanin da ya yi ta. Ga yawancin manhajoji masu tsada akwai madadin kyauta na halal: LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, VLC yana kunna kusan kowane irin bidiyo, GIMP yana gyaran hoto, 7-Zip yana buɗe fayilolin da aka matse. Cikin «Sécurité Windows», a ƙarƙashin «Contrôle des applications et du navigateur», a tabbatar an kunna toshe manhajojin da ba a so.

Sabuntawa tana cin megas, shi ya sa da yawa ke kashe ta, amma ita ce ke toshe kafofin da aka gano. Masu tsofaffin kwamfutoci su sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kanta tun farkon 2023, kuma 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da kamfanin ya tsayar domin ƙarshen tallafin Windows 10. Kwamfutar hannu ta biyu da aka sayo a kasuwa, ko daga Turai ta zo ko daga Najeriya, ya fi kyau a sake zuba mata Windows mai tsabta kafin a shigar da kowace kalmar sirri.

Idan wani shafi ya cika allo da jan rubutu yana cewa kwamfuta ta kamu, a kira wata lamba, kada a kira, kada a sauke abin da ya ce. Babu shafin intanet da ke iya bincika cikin kwamfuta haka nan. A danna Ctrl, Maj da Échap tare, a rufe burauza daga «Gestionnaire des tâches».

Masu siber, sakatariya da makarantu

Inda mutane da yawa ke amfani da na'ura ɗaya, abin da ya fi tasiri shi ne raba asusu. Mai wuri ya riƙe asusun shugaba da kalmar sirri, abokan ciniki ko ɗalibai su yi aiki da asusun da ba shi da ikon saka manhaja. Wannan ba ya hana komai da komai, amma yana rage ɓarna sosai. Wasu suna amfani da manhajojin da ke mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta. Shi kuma mai zuwa siber, ya buɗe shafin sirri na «Navigation privée», kada ya yarda burauza ta adana kalmarsa, ya fita daga asusunsa kafin ya tashi. Harkar banki kuwa gara a yi ta a wayar kai.

A Nijar, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba da kuma taɓa bayanan da ke cikinta. Masu rubuta irin waɗannan manhajoji galibi suna wajen ƙasa, da wuya hannu ya kai gare su. Amma wanda aka sace wa asusu aka yi zamba da sunansa, ko aka cire masa kuɗi, yana da damar kai ƙara wurin ƴan sanda. Kafin ya share komai, ya ɗauki hoton allo na saƙonnin da lambobin da aka yi amfani da su, ya kuma sanar da bankinsa da ƴan uwansa tun da wuri.